Motar Lantarki da Nisan Tafiyarta

Sa'ad da aka aike mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare cikin garin Bauchi, aji shida aka ba ni in koya musu lissafi. Ran nan na kawo musu labarin motar da ba ta shan mai, sai lantarki. Na gaya musu a shekarar 2020 kamfanin Stallion ya harhaɗa irinta a Ikko, sunanta Hyundai Kona, an kuma ce in aka cika batirinta za ta yi tafiyar kilomita 482. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, daga nan zuwa Jos kamar kilomita 130 ne. Ashe ke nan za ta je, ta komo, ta sake zuwa, ba a ƙara mata wuta ba?" Na ce masa i. Amma da na koma ɗaki na bi littattafai, sai na ga amsata ba ta cika ba. Don kada wani ɗan'uwa ya yi irin kuskurena, ga abin da na koya.

Da fari mu san ma'auni. Batirin motar nan yana ɗaukar yunit 64, watau irin yunit ɗin da mu ke saye a sa a mita a gida. In ka raba 482 da 64, kowane yunit ya ba da kilomita bakwai da rabi ke nan. Amma a ina aka auna? A ɗakin gwaji ne, inda babu hawa, babu iskar hunturu, zafin ɗakin digiri 23, na'urar sanyi kuwa a kashe. Hanyarmu dabam ce. Abubuwa huɗu su ne manyan masu cin wutar.

Na ɗaya, gudu. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iska ya san iska tana da nauyi. Ka'idar ita ce, in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da iska ke tura mota baya ya ninka sau huɗu. Direban da ya tashi daga gudun kilomita 80 a awa ya kai 120, turin iska ya fi ninki biyu a kansa. Abin mamaki a nan, motar fetur ta fi ɓarnar mai a cunkoson kasuwar Wunti, amma motar lantarki ta fi shan wuta a buɗaɗɗiyar kwalta inda a ke taka totur. Gaskiyar mutanen da, sauri ya haifi nawa.

Na biyu, hawa. Bauchi tana bisa teku da wajen mita 600, Jos kuwa wajen mita 1,200. Motar da ta bi ta Nabordo da Tilden Fulani ba tafiya kaɗai ta ke yi ba, ɗaga kanta ta ke yi sama mita 600. Nauyinta kusan kilo 1,700 ne, ɗaga wannan kuwa yana cin kusan yunit 3, watau tafiyar kilomita 20 ta tafi a hawa kawai. Amma wajen komowa akwai rangwame. In direba ya ɗage ƙafa a gangara, injin ya kan juye ya zama janareta, ya mayar da wuta cikin batir. Ba duka ke komawa ba, gama wata ta kan lalace ta zama zafi, amma wanda ya ke rage gudu tun daga nesa ya fi mai taka birki farat ɗaya riba.

Na uku, zafi da sanyi. A watan Maris da Afrilu zafin Bauchi ya kan kusa digiri 40, ba mai zama cikin mota sai da na'urar sanyi. Ita kuwa daga batir ɗin nan ta ke sha, yunit ɗaya ko biyu a awa guda in rana ta take, ko mota na tafiya ko tana tsaye. Dabara ita ce a ajiye mota a inuwa, a kuma sanyaya cikinta tun tana jone da caji. Sanyi mai tsanani shi ma yana rage wa batir ƙarfi, amma wannan ya fi damun mutanen Turai da mu.

Na huɗu, kaya da taya da hanya. Jakin da aka labta wa buhu biyu ba ya kai inda mai buhu ɗaya ya kai. Kayan da aka ɗaure a bisa mota sun fi na ciki ɓarna, domin suna tare iska. Taya marar isasshiyar iska, da yashi, da gargada, duk suna riƙe mota.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu ƙwarai. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 mutane suka ƙara sa ido a kan motocin nan. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, lokacin Jelani Aliyu yana shugabanta, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Amma wuraren caji ba su ko kusa da yawan gidajen mai ba. In fetur ya ƙare a daji a kan tura yaron mota da galan. Lantarki kuwa ba a kawo shi a galan. Wanda ya dogara da lambar da ke takarda, yana iya kwana a hanya da iyalinsa.

Da na koma aji na ce wa yaran amsata ta jiya gurguwa ce, sa'an nan na ba su wannan lissafi, ku ma ku gwada da naku. Daga Bauchi zuwa Kano kamar kilomita 300 ne. A ce saboda gudu da zafi kowane yunit kilomita 5 kaɗai ya bayar. Kilomita nawa za su rage in an isa? In kuwa direba ya bi sannu ya sami kilomita 7, nawa za su rage? Na farko 20, na biyu 148. Yaron nan da ya yi tambaya shi ya fara gamawa, ya ce, "Malam, ashe rabin batirin a ƙafar direba ya ke."