Gansakukar Bakin Teku: Ka Tsare Mata Ruwan Daɗi

Idan karatu ko aiki ya kai ka gaɓar tekun Birtaniya ko Ayalan, ka riƙa duba ƙasa kafin ka taka. Koren nan da ke manne da duwatsu da damshin rairayi gansakuka ce, kuma wasu irinta sun yi ƙaranci ƙwarai.

Gansakuka ba ta da saiwar da ke zuƙo ruwa daga ƙasa. Da jikinta take sha, ganyenta kuwa siriri ne ainun, don haka duk abin da ya sauka a kanta kai tsaye yake shafarta. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Ka san yadda yankakken tumatir ke fitar da ruwa in an barbaɗa masa gishiri. Haka ruwan teku ke tsotse ta. Shi ya sa babu gansakukar irin wannan da ke rayuwa nutse a cikin teku.

Amma akwai masu juriya. Schistidium maritimum tana zaune a duwatsun da feshin igiyar ruwa ke dukansu a Sikotlan da Norwe, ruwan sama na wanke ta. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Bryum marratii, da ke tsirowa a saman fadamar gishiri, galibi inda ruwan daɗi ke tsattsafowa ya sassauta zartsin. Gishirin yana korar ciyayin da za su danne ta, ruwan daɗin kuma yana raya ta. Haihuwarta ma sai da damshi, domin ƙwayar namiji iyo take yi ta isa ga ta mace. A janye gishirin ko ruwan daɗin, ta tafi.

Saboda haka, in kana da hannu a kula da irin wannan wuri, kada ka haƙa magudana ka janye ruwan da ke tsattsafowa don ganin wurin ya yi taɓo. Taɓon nan shi ne gidanta. Kada kuma ka hana kiwo gaba ɗaya. Tumaki da zomaye kaɗan suna rage tsayin ciyawa, rana ta isa gare ta.

In kallo kawai ka je, ka tafi da gilashin hannu mai ƙara girma sau 10 da 'yar kwalbar ruwan sama. Idan ka tarar ta bushe ta ƙanƙance, kada ka ɗauka ta mutu. Ka ɗan fesa mata, cikin mintuna kaɗan ganyen zai buɗe. Kada ka ɗebo na teku ka zuba.

Kada ka ɓamɓaro ta ka kai gida, da wuya ta rayu a tukunya, kuma dokar Birtaniya ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai wurin ba. Ka ɗauki hoto, ka rubuta wuri da kwanan wata, ka aika wa ƙungiyar British Bryological Society, wadda ke tattara irin waɗannan bayanai.