Darasi: Yadda Ake Bi Da Babban Ma'aikaci Mai Taurin Kai

A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin 'yan watanni. Aka rasa ƙwararru, fargaba ta shiga aikin gwamnati. A 2009 gwamnatin tarayya a Abuja ta bi wata hanya: ta ƙayyade wa daraktoci shekara 8 kan muƙami, ƙa'ida ɗaya ga kowa.

Mai kamfani ya lura, kada fushi ya yanke hukunci. Babban ma'aikacin da ya ƙi ba da haɗin kai, a ba shi takardar tuhuma, a saurari bayaninsa, a ɗiba masa wa'adin gyara. In ya ƙi, a sallame shi bisa yarjejeniyar aiki, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kan nemi hujjar sallama.