Yadda Matasa Za Su Haɗa Gayyar Alƙalami Don Gyara Garinsu

A ƙauyukanmu ba a koya wa kowa ma'anar gayya. Idan gonar dattijo ta fi ƙarfinsa, ko katangar maƙabarta ta zube, samari kan fito da fartanya da kwando su gama aikin kafin azahar, ladansu fura da "Allah ya yi muku albarka". Abin da bai cika zo mana a rai ba shi ne, rubutu ma ana yi masa gayya. A Saji, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Rano, da garuruwan ƙaramar hukumar Kibiya irin su Tarai da Durba, akwai matasa da suka gama sakandare, wasu har kwaleji ko jami'a, yatsunsu kullum a kan waya. A gefensu kuma ga mutanen da ke da kuka, amma ba su da mai rubuta musu shi.

Rubutu don jama'a ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, takan rubuta waƙoƙin ilmantarwa, jajojinta, wato matan da ke jagorantar ƙungiyar 'Yan Taru, su kai wa matan karkara. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, mai karatu ɗaya kan karanta wa majalisa guda. Marubutan ƙungiyar Raina Kama a Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, da kansu suka riƙa buga littattafansu suna tallata na juna, suka sa maganar auren dole da ilmin 'ya mace ta shiga ɗakunan da jarida ba ta kaiwa. Ga yadda ku ma za ku fara naku a matakin gari.

Mataki na farko: Ku haɗa 'yan gayya

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Taron yuyuyu surutu yake haifarwa. Ku raba aiki tun ranar farko: mai tattaro bayani, mai rubutawa, mai tacewa, da mai kai takarda ya bi sawunta. Lallai a samu mace ko da ɗaya ce, domin rabin labarin gari yana cikin gida, inda namiji ba ya wuce zaure. A kuma nemi wanda ya iya ajami, ko da ɗalibin tsangaya ne. Kafin ku rubuta kalma ɗaya, ku je ku gaida mai unguwa da dagaci da liman, ku ce: "Ranka ya daɗe, mu 'ya'yanka ne, ga abin da muke son yi, muna neman albarka da shawara." Wanda aka shaida wa tun farko ba ya zama abokin gaba daga baya. Ku tsayar da ranar zama ɗaya a mako. Da damina ku rage zaman, tunda kowa na gona. Bayan kaka ne aikin ke tafiya sosai.

Mataki na biyu: Ku ɗauki matsala ɗaya tak

"Talauci" da "rashin adalci" sun fi ƙarfin takarda ɗaya. Ku nemi abin da za a iya nunawa da yatsa: famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace, ajin firamare da iska ta yaye wa kwano, asibitin sha-ka-tafi da ba a buɗewa da dare, kwalbatin da ruwa ya cinye. Kada ku zaɓa ku kaɗai. Ku tambayi masu ɗebo ruwa da masu acaɓa da uwayen yara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar da baki uku ko huɗu suka ambata ba tare da sun haɗa baki ba, ita ce ta farko.

Mataki na uku: Ku je ku gani da ido

Gani ya kori ji. A ce famfo ne. Ku je wurin da littafi da biro. Yaushe aka haƙa shi, kuma wace hukuma ce? Sau da yawa akwai allo ko rubutu a jikin simintin. Yaushe ya daina kawo ruwa? Gida nawa ke sha daga gare shi? Ku ƙirga su ɗaya-ɗaya, kada ku yi kintace. Ina ake zuwa ɗebo ruwa yanzu, tafiyar minti nawa ce? Ku taka da ƙafarku ku duba agogo. Nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka? Ku kira makanikin famfo ya faɗi abin da ya lalace da kuɗin gyaransa. Ku ɗauki hoto, amma ba fuskar mutum ba sai da izininsa, ba ta yaro ba sai da na iyayensa. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya. Duk maganar da ba ku ji daga mutum biyu ba, ku ajiye ta a gefe.

Mataki na huɗu: Ku rubuta gajere, a shafi ɗaya

Jami'in da takardu suka cika wa tebur ba zai juya shafi na biyu ba. Takardar koke ta ƙunshi abu huɗu a jere: su wane ne ku, mene ne ya faru, wa abin ya shafa, me kuke so a yi. Dubi wannan jimla, irin wadda fushi ke fara kawowa: "Gwamnati ta manta da mu, shekara da shekaru muna cikin baƙar wahala, babu mai tausayinmu." Gaskiya ce a zuciyar mai ita, amma ba ta ba kowa aikin yi ba. Ga gyararriyarta, alƙaluman misali ne kawai: "Famfon bakin masallacin Juma'a ya daina aiki tun watan Janairu. Gida 60 ne ke sha daga gare shi. Yanzu yara na tafiyar minti 40 kafin su samo ruwa, shi ya sa suke makara a makaranta. Muna roƙon a turo mai gyara." Ta farko tsaki za a yi mata. Ta biyu kuwa dole a amsa ta, ko a ji kunya.

Mataki na biyar: A tace kafin a fitar

Kada wanda ya rubuta ya zama shi ne mai tacewa, ido ba ya ganin kansa. Mai tacewa ya bi takardar sau uku. Karo na farko don gaskiya: kowane suna, lamba da kwanan wata ya koma ya gwada da littafin bayanai. Karo na biyu don harshe: a cire zagi da habaici da zargin da babu hujja. Idan ba ku ga an ci kuɗi ba, kada ku rubuta an ci. Ƙazafi laifi ne a addini, ɓata suna kuma na kai mutum kotu. Karo na uku don ƙa'idojin rubutu. "Ya zo" ake rubutawa, ba "yazo" ba. "Gidansa", ba "gidan sa" ba. A saka ƙugiyar haruffa, domin "baƙi" daban "baki" daban, haka "ƙafa" da "kafa". Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ku sauke shi a wayoyinku. Daga nan a karanta takardar da ƙarfi a gaban wata dattijuwa da ba ta yi boko ba. Duk inda ta ce "me ka ce?", wurin na buƙatar gyara.

Mataki na shida: Ku kai wa mai ikon gyarawa

Kowane kuka da ƙofarsa. Maganar makaranta ta fara daga hedimasta da kwamitin kula da makaranta, sai sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a Kano. Ta asibiti ta bi ta kwamitin raya mazaɓa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ta ruwa ta bi ta kansila zuwa sakatariya a Rano ko Kibiya, daga nan hukumar samar da ruwa a karkara, RUWASA. Ku nemi sa hannun mai unguwa da na wasu magidanta, wanda bai iya ba ya dangwala. Ku yi kwafi biyu, ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ku riƙe. Bayan mako biyu ku koma, da fara'a. Idan an yi zuwa uku shiru, sai ku tura wa gidan rediyo kamar Freedom ko Rediyon Kano, ko jaridar Aminiya, tare da hoton kwafin mai hatimi. Facebook shi ne zangon ƙarshe, ba na farko ba.

Mataki na bakwai: Ku juyo da alƙalamin gida

Ba kowace matsala ce ta hukuma ba. Cire yarinya daga aji don talla, ƙin zuwa awon ciki, ƙin allurar rigakafi, shaye-shaye, duk namu ne. Waɗannan ba takardar koke suke so ba, labari suke so. Ku rubuta gajeren labari ko wasan kwaikwayo na minti biyar, a karanta a Islamiyyar matan aure, ko a yi shi ranar saukar karatu. Ku naɗi murya ku watsa ta WhatsApp, ku juya muhimmin saƙo zuwa ajami a liƙa a ƙofar masallaci da izinin liman. Abin da ya shafi lafiya, ma'aikacin asibiti ya duba shi tukuna. Wanda ya shafi addini, malami ya gani.

Mataki na takwas: Ku tsare mutuncin gayyar

Da zarar an fara jin ku, masu neman kujera za su zo da "ga na kati". Kada ku karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuɗin takarda da na mota ku haɗa da karo-karo, a rubuta shige da fice. Ku tanadi fayil ɗaya na duk takardun da kuka aika da amsoshinsu. Idan an yi gyara, ku rubuta godiya da saurin da kuka rubuta koke. Kowannenku kuma ya ja ɗan sakandare ɗaya a jiki yana koya masa, domin gobe karatu ko aure ko neman kuɗi zai ɗauke wasunku daga gari.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba sai kun yi rajista ko kun sami ofis ba. Littafi ɗaya da biro da abokai uku sun isa. Wannan Juma'ar, in an sauko daga masallaci, ku tsaya ku tambayi mutum biyar abin da ya fi damun unguwarsu, ku rubuta amsar. Allah ya yi jagora.