Kafin Ka Fara Kiwon Agwagi

Malam manomi, fara duba ruwa. Ba sai da tafki ba. Kwatarniyar da za su tsoma kai ta isa, amma a sauya ruwan kullum. Agwagwar gida kwana 35 take kwanci, kaza kuwa 21, sai da haƙuri. Ta fi kaza jure cutar hunturu, ga cin dusa da ƙwari. Aibinta ƙazanta, nan da nan ta mai da tsakar gida caɓi. Ware mata wuri nesa da kaji, don takan ɗauki murar tsuntsaye ba alama. Tambayi dillalan kasuwarku ko tana da masu saye. In da ruwa da kasuwa, fara da toro ɗaya da mata huɗu.