Ku Auna Su da Mudu Ɗaya

'Ya'yana, akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana damuna.

Muna yara, da zarar shamuwa ta dawo gari ta fara sheƙa, sai tsofaffi su ce a fito da iri, damina ta ƙarato. Wata shekarar su dace. Wata shekarar kuwa a shuka da ruwan farko, sama ta ɗauke har sati uku. Na ga mahaifina tsugune a gona yana tona rami da yatsa, tsiron gero duk ya ƙone. Ba wanda ya ga laifin tsohon da ya ce a shuka. Aka ce haka Allah ya so, da shekara ta zagayo kuma wurinsa aka koma.

Yau hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, a Yamai ma akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, ita ma tana irin wannan aiki. Hasashen nan lissafin kwamfuta ne, wanda ake ginawa kan awon ruwan shekaru masu yawa da ɗumin teku da hotunan tauraron ɗan'adam. Amma ranar da aka ce a rediyo za a yi ruwa, hadari ya haɗu ya watse, shi ke nan, mun daina saurare.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A 1954 Paul Meehl, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya duba bincike kusan 20, ya tarar a kusan dukkansu lissafi ya kamo ƙwararru ko ya wuce su wajen hasashe. A 2015 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya suka nuna cewa mutane na juya wa lissafi baya da sun ga kurensa, ko da sun shaida ya fi mutum dacewa.

Gaibu Allah kaɗai ya san shi. Tsoho da kwamfuta duk kirdado suke yi. Kuma kada ku raina tsoho, shi ya san inda ruwa ke kwanciya a gonarku, abin da hasashen jiha guda ba zai faɗa muku ba.

Roƙona ɗaya ne. Bana ku sami ɗan littafi, ku rubuta abin da kowannensu ya faɗa da abin da ya auku. Ku yi haka damina uku kafin ku yanke wa ɗayansu hukunci. Allah ya ba mu damina mai albarka.