Kafin Ka Ɗaga Guduma

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini ka samu aikinka na farko tun fitowarka daga makarantar injiniyoyi. Wani Alhaji a Marjandafak yana so ka ɗora masa bene a kan tsohon gidan mahaifinsa, kuma yana so a zuba kankare kafin azumi. Allah ya sanya albarka, ya sa a fara a sa'a. Ta kuma ce kwana uku ke nan kana gaban kwamfuta kana zana benen, har da baranda. Da na tambaye ta sau nawa ka shiga gidan, sai ta ce sau ɗaya, shi ma a zaure kuka tsaya kuka sha shayi. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Ni baffanka ban taɓa zama injiniya ba. Ɗan awo ne, shekara arba'in da ɗoriya ina bin gine-ginen Njamena da tef da igiya. Lissafin da ka iya ban iya ba, kuma ina alfahari da kai a kansa. Sai dai lissafi ɗan amshin Shata ne. In ka ce masa rodi huɗu ne a cikin ginshiƙi alhali biyu ne, ba zai yi maka musu ba, zai ba ka amsa tsaf kamar gaske.

Ka tuna irin garin da kake aiki a cikinsa. A 1900 Faransawa suka kafa shi, bayan yaƙin Kusiri da aka kashe Rabe, suka sa masa suna Fort-Lami, sai a 1973 Tombalbaye ya mai da shi Njamena. Kakanninmu da yawa alhazan ƙasa ne da suka yada zango don su nemi guzurin gaba, zango ya zama gida. Ɗaki-ɗaki suka yi gini, yau na ƙasa, in an samu hali na jan bulo, in ɗa ya yi arziki ya kafa shago na siminti a gaba. Sannan yaƙi ya zo a 1979, ya dawo a 1980 ya yi wata tara ana ɓarin wuta a cikin gari. Muka tsallaka kogi zuwa Kusiri da abin da kai zai iya ɗauka. Da muka dawo, wani gidan ba kwano, wani ba ƙyaure, wani harsashi ya huda shi kamar rariya. Babbar majami'ar Katolika da ke tsakiyar gari, wadda aka gama a 1965, a wannan yaƙin ta ƙone, kuma sai a 2023 aka kammala babban gyaranta. Gini mai gata ke nan. Gidan talaka kuwa, kowa da abin da ya samu ya toshe ɓarakarsa, ya shafe da filasta, ba wanda ya rubuta komai. A Fabrairun 2008 aka sake ɗanɗana mana. Saboda haka duk tsohon gidan da ka shiga a unguwannin nan, ka ƙaddara hannun magina uku ko huɗu ne a jikinsa, kuma ba su san juna ba.

Ka fara da mutanen gidan. Kada ka tsaya a kan Alhaji, shi da safe yake fita kasuwa sai dare. Ka nemi iso wurin tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a ciki, ka durƙusa ka gaishe ta, ka zauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita za ta gaya maka cewa inda aka yi kicin yanzu a da rijiya ce aka cike ta da shara, ɗakin amarya kuma a kan tsohuwar salga yake zaune. Za ta gaya maka wace ƙofa ce ke ƙin rufuwa da damina, ta koma daidai da bazara. Babu na'urar da za ta ba ka wannan labari cikin yini guda. In ka kafa ginshiƙin bene a kan ciko irin wannan, nauyi na sauka zai fara nutsewa.

Daga nan sai ruwa. Ruwa biyu ke cin garin nan. Akwai na sama, wanda ke tsananta a Agusta, ya kwanta a lunguna don garin shimfiɗe yake kamar faifai, ba gangaren da zai bi. Akwai kuma na kogi, wanda ke zuwa bayan an ɗauke ruwan sama, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da Shari da Logon suka kwaso ruwan kudu. Ka ga abin da ya yi wa Waliya da Tukra a 2022, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, ka kuma ga yadda ya dawo a 2024. Ruwa yana barin sa hannunsa a jikin bango. Ka nemi jirwayen, ka auna tsayinsa daga daɓen ɗaki, ka sake aunawa daga titi. Sau tari za ka tarar titi ya fi tsakar gida tudu, domin shekara da shekaru ana zuba masa ciko gidan yana nan inda yake. Ka tsuguna a gindin bango ka karce bulo da makulli. In ya yi ƙara ya bar farin layi, da sauransa. In ya zubo kamar garin jar kanwa, ga kuma farin gishiri ya feso a kansa, to laima ta riga ta cinye shi, ko da saman bangon yana sheƙi da fenti.

Filasta ma ka yi hattara da ita. Je ka Gawi, garin Kotoko da ke nan kusa, ka dubi tsohuwar fadar sarki ta ƙasa. Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so, kuma mai yaɓe duk shekara, yana yi yana shafa bangon da tafinsa, ya san inda ya rame. Mu a birni muka ga wannan wahala ce, muka lulluɓe bangon ƙasa da siminti. Laima ta shiga ta rasa hanyar fita, gara ta samu inuwa. Ka bi bango kana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya amsa maka kamar ganga, ka zagaye da alli, a fasa a gani.

Tsaga ita ce inda nake so ka fi daɗewa. Ƙasarmu laka ce, irin wadda mutanen Borno ke kira firgi. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke ta dare, gida kuwa yana kanta yana hawa yana sauka. Shi ya sa tsagar da ɗan yatsa ke shiga a Afrilu, a Agusta sai ka neme ta da ƙyar. Wanda ya auna ta sau ɗaya bai san ta ba. Ka ba kowace tsaga lamba. Ka ja fensir a inda ta tsaya sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka dama farar filasta, ka ɗana ɗan dunƙule kamar ƙosai a kan tsagar, bisa bulo tsirara, ka rubuta ranar a jikinsa tun bai bushe ba. In ka dawo ka tarar ya dare, tsagar tana da rai. Ka lura ko bakinta ya fi faɗi a sama ko a ƙasa, ko ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace, domin wannan ne zai nuna maka wane ɓangare ke sauka. Ka kuma dubi darbejiyar da ke ƙofar gida. Inuwarta daɗi, amma saiwarta tana shanye ruwan ƙasan bangon da ke kusa da ita.

Kankaren shagunan gaba kada ka yarda da shi don ka ga ya yi kauri. Garin nan ba dutse, tsakuwa daga Dandi ake jigilarta, can wajen tafkin Chadi, kuma tsadarta ta sa magina da yawa sun yi ta tsimi, wasu har fasasshen bulo suka cakuɗa. Gudumar Schmidt da kuka koya a makaranta tana da amfani, amma fatar kankare kawai take taɓawa. Ka sa a sassaƙe kusurwar ginshiƙi ɗaya ko biyu, ka ƙirga rodi da idonka, ka auna kaurinsa, ka ga ko tsatsa ta kumbura ta ture kankaren. Ka sa a haƙa rami a jikin harsashin gini har ƙarshensa, a wuri uku aƙalla, a kai ƙasar ɗakin gwaji.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Bayan yaƙi, wani mai gida ya miƙo mana zanen gidansa, mai hatimi da sa hannu, ya nuna harsashi mai zurfin mita guda. Ni aka aika in duba. Rana ta yi zafi, zanen kuma ya yi kyau, sai na auna ɗakuna na dawo na ce komai daidai. Aka ɗora bene. Damina ta biyu bangon gabas ya buɗe har kana hango maƙwabta. Da aka haƙa, harsashin bai kai kamu biyu ba. Zanen na abin da aka yi niyya ne, maginin ya yi abin da kuɗi suka isa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma sai da aka sauke benen, kuma har mutumin ya rasu in na hango shi a kasuwa sauya layi nake yi.

Tun daga ranar, littafina gida uku nake raba shi: abin da na gani da idona, abin da aka gaya mini da sunan wanda ya faɗa, da abin da nake zato. Kada ka bari su cakuɗe. Ku yanzu kuna da waya mai hoto, wasunku har da na'urar da ke zana gida da haske cikin awa guda. Madalla, ka yi amfani da su. Amma kowane hoto ka sa tef a cikinsa, ka rubuta wane ɗaki ne, wane bango, wace rana, in ba haka ba bayan wata shida kai kanka ba za ka gane shi ba. In ka gama ka buga kwafi biyu, Alhaji ya sa hannu, ya ajiye ɗaya tare da takardar fili. Bangon maƙwabci ma ka ɗauke shi hoto a gabansa tun ba a fara haƙa ba, don ranar da zai ce kai ka tsaga masa.

Na san abin da ke ranka: in ka ce a jira damina ta wuce, Alhaji zai nemi wani. Yana iya yi. Amma kada ka je masa da kalmar "a'a". Ka riƙe hannunsa ka kai shi gindin bango, ka ba shi makullin ya karce da kansa. Ɗan kasuwa ne, bai taɓa sayen buhu bai soka masa tsinke ba. Wataƙila ma abin da awo zai nuna shi ne benen ya tsaya da ƙafafunsa, a kan sababbin ginshiƙai, tsohon bango ya ɗauki nauyin kansa kawai.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallacin Sarki Faisal ka jira ni a ƙofar da ke kallon kasuwa. Zan zo da igiyata da tiyon ruwa mu duba ko daɓen ya karkata. Kai ka taho da alli da tocila, ka kuma sayi goro na tsohuwar. A gaya musu su bar ɗakin baya a buɗe.