Darasi Na 17: Gadon Da Ke Cikin Jini

Kowane manomi ya san iri. Wanda ya shuka gero, gero zai girbe. Haka ɗan Adam yake. Yana gadon kamannin uwa da na uba, har da irin jininsu.

A cikin jini akwai 'yan ƙwayoyi jajaye. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Na mai lafiya kewayayyu ne, sukan yi kwana 120 suna aiki. Na wani kuwa sukan tanƙware kamar lauje, su toshe hanyar jini, su mutu da wuri. Sai yaro ya riƙa kuka da ciwon ƙashi, hannu da ƙafa su kumbura, jini ya ƙaranta. Wannan shi ne amosanin jini, wato sikila. Ba maita ba ce, ba kuwa aljanu ba. Gado ne.

Masana sun sa wa iri mai kyau suna A, mai lauje kuwa S. Kowa yana da biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA lafiya lau. Mai AS shi ma lafiya, amma yana ɗauke da irin. Mai SS shi ke ciwo. A Nijeriya, kusan mutum 1 cikin 4 AS ne.

Me ya sa irin ya yi yawa a ƙasashenmu? A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya gano a Gabashin Afirka cewa zazzaɓin sauro bai cika kashe yara masu AS ba. Suka rayu, suka haihu, irin ya yaɗu.

In AS ya auri AS fa? Ku zuba tsakuwa 4 a ƙwarya, 3 farare, 1 baƙa. Ku rufe ido ku ɗauki ɗaya, ku mayar, ku sake ɗauka. Baƙar tana iya fitowa sau biyu a jere. Haka kowane ciki yake.

Masana ba su zauna ba. A 2012 wasu mata biyu, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, suka fito da dabarar gyara ƙwayar gado. A 2023 Ingila da Amurka suka yarda a yi wa masu sikila magani da ita. Akan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini, a gyara su, a mayar. Amma kuɗinsa a Amurka ya fi dala miliyan 2.

Gwajin jini kuwa yana nan a asibiti, ba tsada. A 2024 Jihar Kano ta yi doka, sai an yi shi kafin a ɗaura aure. Ku kai 'ya'yanku tun ba a sa rana ba. Mai yaro SS kuma ya ba shi ruwa da yawa, ya kiyaye shi daga sanyi, ya kwantar da shi a gidan sauro. Da ya ga zazzaɓi, sai asibiti.

Tambayoyi
1. Daga ina yaro ke samun S?
2. Me baƙar tsakuwa ke nufi?
3. Rubuta abu 3 da za a yi wa yaro SS.